Dau: Yadda Aka Yi wa Jiragen Tekun Indiya Kuɗin Goro

A ƙarshen shekarar 1938 wani tsohon hannu a harkar jiragen ruwa, ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Alan Villiers, ya sauka a Aden da ke gaɓar Yaman. Burinsa ya yi tafiya cikin jiragen Larabawa masu tafiya da iska kafin inji ya kore su daga teku. Ya yi dace, wani shugaban jirgi ɗan Kuwait, Ali bin Nasr al-Najdi, ya yarda ya ɗauke shi. Suka tsaya Mukalla suka kwashi fasinja, suka gangara Mogadishu da Mombasa da Zanzibar, suka kutsa bakin kogin Rufiji suka yi lodin itacen azara, sannan suka juyo arewa har suka isa Kuwait a tsakiyar 1939. Labarin wannan tafiya ya fito a 1940 cikin littafinsa Sons of Sinbad, wato 'ya'yan Sindbad.

Turawa suna da suna guda da suke kiran irin wannan jirgi. Suna rubuta shi "dhow", suna furta shi "dau". A wajensu duk wani jirgin katako mai ƙyallen iska da ke yawo tsakanin Bahar Maliya da Tekun Fasha da gaɓar Indiya da gabashin Afirka, dau ne. Amma Villiers ya tabbatar da abin da wasu kafinsa suka lura da shi: mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan jirage ba su kiran su haka. Jirgin Najdi sunansa bum. Na kusa da shi a tasha wataƙila bagala ne, ko sambuk, ko ganja. Mai jirgi ba ya haɗa su, kamar yadda barde a fada ba zai tsaya ga cewa "doki" ba alhali ga akawal ga kili ga hurde a gabansa.

To, ina kalmar ta fito, kuma yaya aka yi ta haɗiye sunaye da yawa haka? Wannan tambaya ba ta masu ƙamus ba ce kaɗai. An ƙona jirage a kanta, an yi shari'a tsakanin manyan dauloli a kanta, kuma ta taɓa har alhazanmu na hanyar ƙasa.

Sunayen da masu teku suka sani

Turawa da ƙyalle suke bambanta jiragensu: ginshiƙi nawa ne, yaya aka rataya ƙyallen. Larabawa da Indiyawa da Swahilawa kuwa gangar jikin jirgin suke dubawa, musamman goshinsa da ƙeyarsa, domin ƙyallen kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Bum, abin alfaharin Kuwait, gaba da bayansa duk a tsuke suke. Ana gane shi tun daga nesa da wani dogon katako miƙaƙƙe da ya karkato gaba daga goshinsa, an shafa wa bakinsa baƙin fenti da fari. Ba shi da ado mai yawa, amma yana da sauƙin ginawa, yana kuma jure igiyar ruwa da ke bugowa ta baya. Ba da tan ake auna girmansa ba. Idan nahoda, wato shugaban jirgi, zai faɗi girman jirginsa, yawan buhunan dabinon Basra da yake ɗauka zai ambata, domin dabino ne kayan da yake fita da shi kowace shekara daga Shaɗɗul Arab.

Bagala ita ce uwar gayya. Sunanta daga kalmar Larabci ta alfadari yake, dabbar ɗaukar kaya. Ƙeyarta faffaɗa ce mai tsayi, da tagogi biyar a jere, an sassaƙe kewayensu da zanen furanni. Masana da yawa suna ganin wannan ƙeya an kwaikwayo ta ne daga jiragen Turawan Fotugal da waɗanda suka biyo bayansu, bayan Vasco da Gama ya isa Indiya ta teku a 1498. A zamanin Villiers bagala ta riga ta fara ƙaranci, bum yana ture ta saboda tsadar gininta. Ganja ta garin Sur a Oman da kotiya ta yankin Kach a Indiya 'yan uwanta ne na kusa, sai wanda ya san sassaƙar goshinsu ke raba su.

Sambuk shi ne na kowa da kowa a Bahar Maliya da gaɓar Yaman, kuma da shi aka fi fita neman lu'ulu'u a Tekun Fasha. Zaruk ƙarami ne mai gudu, masu fasa-ƙwauri suna son sa. Akwai badan na Oman, akwai batil, akwai shu'i, akwai jalbut mai miƙaƙƙen goshi. Idan Balarabe yana son ya haɗa su da kalma guda sai ya ce markab ko safina. A Tekun Fasha ma kai tsaye suke cewa khashab, wato katako.

Gini ɗaya ne ya haɗa su. Ƙasashen Larabawa ba su da manyan itatuwa, don haka daga gaɓar Malabar ta Indiya ake kawo katakon da suke kira saj. Babban masassaƙi ba shi da zane a takarda. Da ido da igiya da gizago yake aiki, ya fara jera allunan jiki, daga baya ya sa haƙarƙarin ciki. Ƙasan jirgi, inda ruwa ke rufewa, ana shafe shi da farar ƙasa da aka kwaɓa da kitse don kada tsutsar teku ta huda katakon. Saman kuma a shafe shi da man kifi, wanda warinsa ke sanar da zuwan jirgi kafin a ga fuskar masu shi.

Ƙyallen kansa abin kallo ne. Daga nesa kamar mai kusurwa uku, amma idan an matso za a ga an datse masa hanci kaɗan a gaba. Yana rataye jikin wata doguwar sanda da takan kai tsawon jirgin duka, an haɗa ta da itace biyu ko uku an ɗaure. Ba a naɗe shi a rage girmansa idan iska ta yi ƙarfi. Sai dai a sauke shi gaba ɗaya a ɗaga wani ƙarami. Idan za a juya hanya kuwa, sai an ba iska baya, an miƙar da sandar nan tsaye, an zagayo da ita ta gaban ginshiƙi zuwa ɗaya ɓangaren. Aikin ƙarti ne masu yawa, suna yi suna waƙa da kiɗa, kuma kuskure kaɗan na iya jefa mutum cikin ruwa. Shi ya sa irin wannan jirgi ya fi dacewa da tekun da iskarsa ke kaɗawa gefe ɗaya wata da watanni.

Tekun Indiya kuwa haka Allah ya yi shi. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska na tasowa daga arewa maso gabas, Swahilawa suna kiran ta kaskazi, ita ke kawo jirage daga Arabiya da Indiya zuwa Lamu da Mombasa da Zanzibar. Daga Afrilu sai ta juya ta zama kusi, ta mayar da su gida. Larabawa suka kira lokacin tafiyar mausim, kuma daga nan Turawa suka samo sunan da suke kiran iskar. Wanda ya zo da kaskazi dole ya zauna jiran kusi. A zaman jiran nan aka yi ciniki, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, harsuna suka cuɗanya. Duk mai neman asalin kowace kalmar jirgi a wannan teku, daga wannan zaman jira ya kamata ya fara.

Kafin ƙusa

Tsofaffin littattafai sun cika da jiragen wannan teku, sai dai da wasu sunaye. Wani ɗan kasuwa mai rubutu da harshen Girka a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa ya bar jagorar tashoshin teku, inda ya ambaci wani gari a gabashin Afirka da ake kira Rhapta. Ya ce garin ya samo sunansa ne daga ɗinkakkun jiragen da ke wurin. Ɗinki na gaske yake nufi. Ana huda allunan a jere, a ɗora ƙullin zaren ɓawon kwakwa a kan mahaɗarsu, a bi da igiyar kwakwa a ɗinke tam, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje suna miƙa wa juna igiya, sannan a toshe ramukan a shafe da mai. Babu ƙusa ko ɗaya. Malaman tafsiri ma sun taɓo wannan wajen bayanin jirgin Annabi Nuhu a Suratul Ƙamar: kalmar dusur da ta zo a wurin, wasu sun ce ƙusoshi ne, wasu sun ce igiyoyin da ake ɗaure alluna da su ne.

Mutane sun daɗe suna ba da labarin wani dutsen maganaɗisu a teku da ke zuƙe ƙusoshin jirgi, wai shi ya sa ake ɗinki. Al-Mas'udi, a ƙarni na 10, ya ce ruwan tekun ne ke cinye ƙarfe. Marco Polo da ya ga jiragen Hormuz ya raina su ƙwarai. Amma a 1998 masunta suka gano wani jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Belitung a Indonesiya, ɗinkakke irin na yammacin Tekun Indiya, ɗauke da tangaran ƙasar Sin kusan 60,000. Ɗaya daga cikin kwanukan yana ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da shekarar 826. Jirgin da aka raina ya je har Sin ya yi lodi. Oman ta sa aka gina irinsa, mai tsawon mita 18, aka sa masa suna Jewel of Muscat, kuma a 2010 ya tashi daga Maskat ya isa Singafo.

Ibn Jubair na Andalus ya ƙetare Bahar Maliya daga Aizab zuwa Jidda a 1183 don aikin hajji. Jirgin da ya shiga jalba ya kira shi, ya kuma bayyana ɗinkinsa da man da ake shafa masa. Ya koka da yadda masu jiragen ke cusa alhazai har wani kan wani, saboda suna son su mayar da kuɗin jirgi a tafiya guda. Ibn Battuta, da ya isa Mogadishu wajen 1331, ya ce ƙananan jirage da ake kira sumbuk ne ke fitowa su tari babban jirgi idan ya tsaya. Kalmar sambuk ke nan, kusan shekara 700 da suka wuce, kuma har yau tana raye a bakin masunta. Babu wani cikin waɗannan matafiya da ya haɗa jiragen da suna ɗaya, balle ya ce musu dau.

Asalin kalmar

Wuri na farko da za a duba shi ne gaɓar Swahili. A can dau kalma ce ta yau da kullum, jam'inta madau, kuma ma'anarta a taƙaice take: ƙaramin jirgi ne na kamun kifi da zirga-zirgar kusa. Babban jirgin kaya jahazi ake ce masa, matsakaici mashua, wanda aka fafe daga itace guda aka sa masa fikafikai biyu kuma ngalawa. A tsibiran Lamu an yi wani ɗinkakken jirgi mai ƙyallen tabarma da ake kira mtepe, da wani nau'insa da ake kira dau la mtepe. Goshin mtepe dogo ne mai lanƙwasa, ana yi masa ado da tuntaye, kuma akwai ruwayar da ke cewa kan taguwar Annabi Salihu ake kwatantawa. Ya ɓace daga teku wajen shekarun 1930.

Wuri na biyu Indiya ne. A harshen Marathi na yankin Bombay akwai kalma mai wannan sauti da ke nufin wani irin jirgi. Sannan akwai wata tsohuwar shaida daga inda ba a zata ba. Afanasy Nikitin, ɗan kasuwa daga garin Tver na Rasha, ya shiga jirgin dawakai daga Hormuz zuwa Chaul a gaɓar Indiya wajen 1470, kuma a littafin tafiyarsa tava ya kira jirgin. Henry Yule da A. C. Burnell, waɗanda suka wallafa ƙamus ɗin Hobson-Jobson a 1886 don tattara kalmomin da Turanci ya kwaso daga Indiya, sun kawo maganar Nikitin a ƙarƙashin wannan kalma. Su ne kuma suka nuna cewa rubuta ta ba tare da harafin "h" ba ya fi kusa da daidai. Harafin ƙari ne kawai na marubutan Ingila, ba ya wakiltar wani sauti da suka ji a bakin kowa.

Masu bincike sun rabu: wasu sun ba Swahili, wasu Indiya, wasu Farisa. A ganina neman gida ɗaya ga irin wannan kalma ɓata lokaci ne. Jahazi na Swahili ɗan uwan jahaz ne na Farisanci da harsunan Indiya. Mashua daga sunan jirgin masunta na yammacin Indiya yake. Nahoda, shugaban jirgi, asalinsa Farisanci ne mai ma'anar ubangidan jirgi, amma ana jin sa daga Kuwait zuwa Zanzibar har tsibiran Malay. Kalmomin teku suna tafiya da kaskazi su dawo da kusi, kuma kowace tasha tana lanƙwasa su yadda harshenta ya iya. Abin da ya tabbata shi ne dau sunan jirgi iri ɗaya ne cikin iri da yawa, kuma abin da yake nufi a Lamu ba lalle shi yake nufi a Bombay ba.

A Turanci kalmar ta fara bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 18, a rubuce-rubucen ma'aikatan kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya da sojojin ruwansu. Da fari su ma wani jirgi takamaimai suke nufi. A 1834 John Edye, masassaƙin jirage na sojan ruwan Ingila, ya wallafa bayanin jiragen da ya gani a gaɓar Indiya da Silon, ya ba dau gurbinsa daban, bagala gurbinta daban. Cikin shekaru kaɗan bayan haka wannan bambanci ya gushe daga bakin Turawa. Dalilin gushewarsa ya fi asalin kalmar muhimmanci.

Suna a bakin igwa

Tun farko a fagen rikici Ingila ta haɗu da jiragen nan. Ta kira ƙabilar Ƙawasim ta Ras al-Khaima 'yan fashin teku, ta kai musu hari a 1809, ta sake komawa a 1819, ta ƙona jiragensu masu yawa. Yarjejeniyar 1820 ta wajabta wa jiragen wannan gaɓa riƙe takardar rajista da ɗaga tuta ta musamman. Sarkin Sharja, Sultan bin Muhammad al-Ƙasimi, wanda zuriyar waɗannan mutane ne, ya rubuta littafi a 1986 yana cewa zargin fashin hujja ce kawai ta kawar da abokan gasar kasuwanci. Har yau masana tarihi suna jayayya a kan haka.

Sai kuma cinikin bayi. A nan babu abin ɓoyewa. A ƙarni na 19 an kwaso mutane dubbai a kowace shekara daga cikin ƙasa, daga yankin tafkin Nyasa da Tanganyika, aka fitar da su ta Kilwa da Bagamoyo zuwa gonakin kanumfari na Zanzibar da Pemba, wasu aka wuce da su Oman da Tekun Fasha. A cikin jiragen nan masu kyan ƙyalle aka jibge su, da yawa suka mutu da ƙishirwa da cuta kafin a kai gaɓa. Hotunan yaran da jirgin yaƙin Ingila Daphne ya ceto a 1868, ƙashi da fata, suna nan har yau. Duk wanda ke yabon wannan al'adar teku bai ambaci wannan ba, bai yi adalci ba.

Ingila ta matsa wa sarakunan Oman da Zanzibar da yarjejeniyoyi a 1822 da 1845, har a 1873 Sarki Barghash na Zanzibar ya sa hannu aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar, bayan an yi masa barazanar toshe tsibirin. A wannan shekara ta 1873 hafsoshin ruwa biyu suka fitar da littattafai a London: George Sulivan, kwamandan Daphne, da Dhow Chasing in Zanzibar Waters, wato farautar dau a ruwan Zanzibar, da Philip Colomb da nasa a kan kamen masu safarar bayi. Daga littattafai irin waɗannan da hotunan jaridu mutanen Ingila suka koyi kalmar, kuma suka koye ta manne da bauta.

Ga matashin hafsa da ke leƙe da madubin hangen nesa, bambancin bum da kotiya ba shi da amfani. Bai iya Larabci ba, bai iya Swahili ba, tafinta ne idonsa da kunnensa. Abin da ya sani shi ne ga ƙyalle mai kusurwa a sararin teku, kuma dokar ƙasarsa ta tanadi ladan kuɗi ga ma'aikatan jirgin yaƙi bisa yawan bayin da aka ceto da girman jirgin da aka kama. Yawancin jiragen da ke teku dabino da hatsi da katako da yadi suke ɗauka. Ma'aikatansu da yawa baƙaƙen fata ne, wasu 'yantattu, wasu bayi masu aikin jirgi. Aka riƙa ɗaukar ma'aikaci a matsayin kayan sayarwa, a sauke mutane, a cinna wa jirgi wuta tun kafin wani alƙali ya ji ƙara. Koke-koken 'yan kasuwar Zanzibar sun yi yawa har hukumomin London da kansu suka tsaurara ƙa'idar kame. An ceci rayuka, wannan gaskiya ne. An kuma talauta mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, domin an riga an yi musu kuɗin goro da suna ɗaya.

Daga baki sai abin ya koma takarda. Taron Brussels na 1890 ya ware wani rukuni na jiragen da ya kira na 'yan ƙasa, ya ce ana gane su da siffarsu da irin ƙyallensu, ko da kasancewar shugaba da yawancin ma'aikata 'yan gaɓar Tekun Indiya ne ko Bahar Maliya ko Tekun Fasha. Aka ɗora musu rajista da lamba a jikin ƙyalle da jerin sunayen ma'aikata da fasinja. Masanin tarihi Erik Gilbert, a littafinsa na 2004 kan jiragen Zanzibar, ya nuna cewa a irin waɗannan dokoki ne dau ya zama abu guda, kishiyar jirgi mai inji: wannan na zamani, wancan na jiya.

Masu jirage ba su zauna haka ba. Wasu nahodojin Sur suka nemi tutar Faransa, domin sojan Ingila ba shi da ikon bincikar jirgin da ke ɗauke da ita. Rigimar ta kai Ingila da Faransa gaban kotun sasanci ta Hague, aka yanke hukunci a watan Agustan 1905, aka taƙaita ikon Faransa na raba tutarta ga talakawan Sarkin Maskat. Faransawa ma suna da tasu kalmar ta kuɗin goro, boutre, don haka shari'ar tana da suna biyu a littattafan lauyoyi, kuma babu ɗaya cikinsu da mutanen Sur ke kiran jiragensu da shi.

Alhazan hanyar ƙasa

A nan labarin ya iso ƙofar gidanmu. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, dubban mutane suka bi hanyar gabas a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna aikin ƙodago, wasu su shekara da shekaru a gonakin auduga na Jazira a Sudan kafin su tara guzuri. Ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Sawakin, tsohon garin da aka gina da dutsen murjani a bakin Bahar Maliya. Gwamnatin Sudan ta wajabta fasfo da allurar rigakafi da zaman killacewa da tikitin jirgi mai inji. Wanda ba shi da halin wannan sai ya nemi wata hanya: ya bi dare zuwa wani lungu a gaɓa, ko ya zarce Masawa da ke hannun Italiya, ya biya mai jirgin katako ya ƙetarar da shi, a sauke shi kudu da Jidda ya ƙarasa da ƙafa. Jami'an mulkin mallaka sun cika fayil da rahotanni a kan wannan ƙetare, suna kiran jiragen dau. Masu jiragen da fasinjansu sambuk suka sani, sunan nan dai da Ibn Battuta ya ji a Mogadishu. Wasu alhazan sun isa lafiya, wasu ruwa ya ci su, wasu an yashe su a gaɓar da babu ruwan sha, wasu kuma, musamman yara, an sayar da su a Hijaz. Cunkoson da Ibn Jubair ya koka da shi a 1183 bai canza ba sai da jirgin sama ya karɓi jigilar alhazai.

An sha yi wa jiragen nan jana'iza tun suna da rai. An buɗe mashigin Suez a 1869, jirage masu inji suka fara zuwa Zanzibar a kai a kai, aka ce kwanansu ya ƙare. Amma jirgin Najdi, shekara saba'in bayan haka, yana nan yana kai azarar Rufiji don rufin ɗakunan Kuwait, saboda yana shiga rafukan da babban jirgi ba ya iya shiga, kuma iska ba a sayen ta. Abin da ya karya su daga baya ya zo: lu'ulu'un da Japan ta koyi renonsa ya kashe sana'ar nutso a shekarun 1930, Kuwait ta fara fitar da man fetur a 1946 matasa suka bar teku, siminti da ƙarfe suka maye gurbin azara, juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya yanke tsohuwar hulɗa da Oman.

Kalmar kuwa sai ta juya ta dawo gida da sabuwar riga. Bikin fina-finai na Zanzibar yana kiran kansa bikin ƙasashen dau. Abdul Sheriff, babban masanin tarihi na tsibirin, ya sa kalmar a sunan littafinsa na 2010 kan al'adun Tekun Indiya. A Dubai da Doha ana tallata wa baƙi yawon dare da cin abinci a cikin dau, har da haruffan Larabci. Ba na ganin laifin wanda ya ɗauki sunan da aka jefe shi da shi ya mai da shi abin ado. Abin da nake ji wa tsoro shi ne sunayen asali su bi ƙyallen su tafi, domin kowane ɗayansu yana ɗauke da garin da ya ƙirƙiro shi da irin ruwan da aka gina shi dominsa. Wannan ne ya sa aikin masu bincike irin su Dionisius Agius, wanda ya bi gaɓar Oman da Tekun Fasha da Bahar Maliya yana rubuta kalmomi daga bakin tsofaffin nahodoji da masassaƙa, yake da daraja ƙwarai.

Kuwait dai bum ta sa a tambarin ƙasarta da kan kuɗinta na ƙarfe, kuma ta adana ɗaya mai suna Fathul Khair da aka gina a 1938. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya Dubai suna wuce manyan jiragen katako a bakin rafin Deira, ana loda musu firji da taya da buhunan shinkafa zuwa Iran da Somaliya. Injin dizal ke tura su yanzu, babu ƙyalle. Da yawansu a Mandvi da Salaya na jihar Gujarat aka sassaƙa su, kuma ma'aikatan da ke cikinsu vahan suke kiran su.